Wa Zai Riƙe Makarantar Tare da Kai? Hanyoyi Huɗu ga Masu Makarantu a Jos

Yawancin makarantun kuɗi da Islamiyoyin da ke unguwanninmu, daga Unguwar Rogo zuwa Rikkos, Gangare, Dilimi da Ali Kazaure, mutum ɗaya ne ya fara su. Malami ne ko malama, da ɗakuna biyu na haya ko zauren gidan gado, da 'yan yara kaɗan na maƙwabta. Bayan rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 unguwannin Jos suka rarrabu, iyaye da yawa suka daina tura yara makarantar da ke nesa da gida, sai waɗannan ƙananan makarantu suka cika maƙil. Wanda ya fara da tabarma yau yana da azuzuwa goma, malamai masu jiran albashi kowane ƙarshen wata, da iyaye masu tambaya. A daidai nan masu ba da shawara ke rabuwa gida biyu. Wasu su ce masa lokaci ya yi da za ka kafa kwamiti. Wasu su ce kada ka kuskura, wahalarka za su ƙwace. Wanda ke tsakanin waɗannan maganganu biyu nake yi wa wannan rubutu, namiji ne ko mace, domin da yawa daga cikin waɗannan makarantu mata ne suka kafa su.

Kafin a auna komai, akwai abu uku da muke cakuɗawa idan ana zancen shugabancin makaranta. Na farko mallaka: fili da gini da suna na wane ne. Na biyu kuɗi: wa ke ganin abin da ya shigo, wa ke sa hannu kafin ya fita. Na uku aji: wa ke da ta cewa a kan jadawali, jarrabawa, ɗaukar malami da ladabtar da ɗalibi. Ana iya raba na biyu da na uku da wasu ba tare da an taɓa na farko ba. Yawancin tsoron da masu makarantu ke yi wa kwamiti daga rashin bambance waɗannan ukun yake fitowa.

Ma'aunin da za a bi

Kuɗin kafa tsarin da na tafiyar da shi duk shekara. Ɗorewa, wato abin da zai faru ranar da mai makaranta ya kwanta rashin lafiya, ya ƙaura, ko ya rasu. Sauƙi, wato tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a yanke shawara. Haɗari, na dukiya da na mutunci. Sai abin da tsarin ke haifarwa a cikin aji, wanda a wurina shi ne ya fi sauran nauyi, domin saboda shi aka buɗe ƙofa tun farko.

Abu ɗaya ya shafi dukkan hanyoyin: rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, daban, amincewar Ma'aikatar Ilimi ta jiha daban. Takardar CAC tana faɗin ko wane ne ku a gaban doka. Izinin buɗe makaranta kuwa daga ma'aikata yake fitowa, bayan jami'anta sun zo sun duba wurin. Kuɗin rajistar CAC yana sauyawa, don haka a duba shafin hukumar a ranar da za a biya, kada a dogara da faɗar ɗan tsakiya.

Hanya ta farko: kai kaɗai

Ita ce mafi araha. Rajistar sunan kasuwanci kawai, ba sai da lauya ba, ba kuɗin zama, ba taro. Ita ce kuma mafi sauri: iska ta yaye kwano da daddare, da safe ka kira kafinta. A shekarun farko, lokacin da makaranta ke rayuwa da aljihunka, wannan saurin yana da amfani ƙwarai, kuma ban ga laifin wanda ya fara a haka ba.

Amma sunan kasuwanci ba ya raba ka da makarantar a gaban doka. Bashinta bashinka ne, ƙararta ƙararka ce. Kuɗin makaranta kuma yakan bi ta asusunka na kanka: uba ya yi tiransifa, alat ya shigo wayarka, a wannan asusun kuma ake cire cefanen gida. Ko kana da gaskiya kamar me, ranar da albashi ya yi jinkiri ba ka da takardar da za ka nuna wa malamai, sai rantsuwa.

Babban rauninta ɗorewa. A ɗauka mai makaranta ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi. Matar tana da tumunin takaba, kashi ɗaya cikin takwas. Kowane namiji kashi biyu, kowace mace kashi ɗaya. Makarantar da jiya take da mai ita ɗaya, yau tana da masu ita shida, kuma kowannensu haƙƙinsa ne na shari'a ya nemi a ba shi rabonsa. Idan ɗaya yana son kuɗi a hannu sauran kuma ba su da abin sayen kasonsa, sai a sa gini a kasuwa. Ba wanda ya yi zalunci a cikinsu, amma yara ɗari uku sun rasa aji a tsakiyar zango.

A cikin aji kuwa, malamin da ya san ba a tambayarsa komai yakan daina kawo shawara, ya koma jiran ƙarshen wata, ko jiran wata makarantar ta kira shi.

Hanya ta biyu: mallaka taka, gudanarwa tare da kwamiti

A nan zan daɗe, domin ita ce ta fi dacewa da yawancin masu karanta wannan, ita ce kuma aka fi lalatawa.

Samfurinta yana nan a makarantun gwamnati. Tun tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta samu kwamitin gudanarwa, wanda ake kira SBMC. Ya fi PTA faɗi: ban da iyaye da malamai, akwai wakilin mai unguwa, malaman addini, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'ar hannu, har da wakilan ɗalibai. Shirin ESSPIN, da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008, ya horar da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida: Kano, Kaduna, Jigawa, Kwara, Legas da Inugu, har aka riƙa ware wa mata da yara nasu zaman don a ji ta bakinsu. A Jamhuriyar Nijar ma akwai kwamitocin COGES, kuma wani shiri da hukumar JICA ta Japan ta fara a jihar Tawa a 2004 ya dage a kan abu ɗaya: a zaɓi mambobi ta ƙuri'ar sirri, a daina naɗa su. Dalili a fili yake. Idan an ce a ɗaga hannu a gaban mai gari, sunan da mai gari ya ambata shi zai ci.

Mai makarantar kuɗi zai iya aro wannan tsari ba tare da ya sake rajista ba. Kuɗinsa kaɗan ne: ruwa da lemo, kuɗin mota ga wanda ya zo daga nesa, littafin rubuta bayanin taro. Tsadarsa ta gaske lokaci ce da haƙuri. Ƙarin kuɗin makaranta da za ka iya sanarwa a takarda ɗaya, yanzu sai ka zauna ranar Asabar bayan la'asar, manya sun takure a kan bencin 'yan aji uku, ka rubuta a allo abin da aka kashe a kan albashi, haya, alli da man janareta, wani mahaifi mai shago a Kasuwar Kwararafa ya ce a sake lissafin man. Zaman ba daɗi. Amma idan aka tashi, mutum bakwai ne za su bayyana wa unguwa dalilin ƙarin, maimakon kai kaɗai a bakin ƙofa kana shan baƙar magana.

Yadda ake lalata ta kuwa sananne ne. Mai makaranta ya tara ƙanensa, surukinsa, da abokinsa na masallaci, ya ce ga kwamiti. Wannan kwamitin jeka-na-yi-ka ne, kuma iyaye ba sa ɗaukar lokaci kafin su gane. Ya fi rashin kwamiti muni, saboda yana koya wa mutane cewa shawara wasan yara ce. Kwamiti ba ya zama kwamiti sai yana da ikon da aka rubuta, wanda kai ma ba za ka tsallake ba. A ganina abu huɗu sun isa a fara da su. Kada ƙarin kuɗin makaranta ya tabbata sai kwamiti ya ga lissafi. Kada a kori malami ko ɗalibi sai an saurare shi a gaban wasu ban da wanda ya kai ƙararsa. Duk gudummawar da aka tara da sunan makaranta ta shiga asusu mai sa hannun mutum biyu. Sai gini da tsaro: kada a ɗora bene ko a buɗe sabon aji sai injiniya ya duba kuma kwamiti ya ga takardarsa. Duk wanda ke Jos a watan Yulin 2024, lokacin da ginin wata makaranta ya rufta a Busa Buji aka rasa rayuka 22, ya san cewa maganar gini ta wuce a bar wa mutum ɗaya, ko wane ne shi.

Akwai kuma abin da bai kamata kwamitin iyaye ya taɓa ba: maki, sakamako, da wanda zai maimaita aji. Ranar da mamba ya fara neman a ɗaga ɗansa, tsarin ya fara ruɓa. Wannan fage na malamai ne, kuma a nan ake buƙatar majalisa ta biyu, ƙarama, a cikin gida: shugaban makaranta, shugaban ɓangaren boko, shugaban ɓangaren Alƙur'ani da Larabci, da wakilin da malamai suka zaɓa da kansu. Duk wanda ya taɓa aiki a makarantar da ta haɗa hadda da boko ya san rigimar sa'o'in safe. Malamin hadda yana son yara da sanyin safiya kafin kai ya cika, malamin lissafi ma lokacin yake so. Idan mai makaranta ya yanke shi kaɗai, ɓangare ɗaya zai ji an fifita ɗayan, kuma a kan yara za a huce. Idan su biyun suka zauna da takardar jadawali suka raba ranakun mako, kowa zai kare abin da ya sa wa hannu.

Kada a manta da iyaye mata. Su ne ke sanin yaron da ya daina son zuwa, da malamin da hannunsa ke da saurin bulala. Taron dare ba nasu ba ne. A sa lokacin da za su iya zuwa, a ba su kujeru na dindindin, idan sun fi sakewa su zauna su kaɗai su aiko wakiliya, a yi hakan.

Raunin wannan hanya shi ne ba ta magance gado. Mallaka tana nan a hannunka, magada kuma suna iya rusa kwamitin. Sai dai makarantar da ke da rubutaccen lissafi da mutanen da suka san yadda ake tafiyar da ita ta fi saurin tsallake shekarar makoki.

Hanya ta uku: kamfani na haɗin gwiwa

Mutum biyu ko uku su haɗa jari, wani ya kawo fili, wani kuɗi, wani ƙwarewar koyarwa, su yi rajistar kamfani mai hannun jari. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta sauƙaƙa wannan: mafi ƙarancin jarin kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne, kuma ko mutum ɗaya yana iya kafa shi. Ya fi sunan kasuwanci tsada, ga rahoton shekara, ga harkar haraji da ke buƙatar akawu na gaske.

Amfaninsa biyu ne. Kamfani yana da matsayin kansa a doka, bashinsa ba ya bin gidanka sai idan kai ka tsaya masa jingina. Kuma idan mai hannun jari ya rasu, hannun jarinsa ake gada, ginin yana nan da sunan kamfani. Magada shidan nan na ɗazu za su raba kaso a takarda, aji kuma ya ci gaba.

Amma a lura, wannan raba mallaka ne, iyaye da malamai ba su samu murya ba tukuna. Masu jari uku suna iya tafiyar da makaranta da kama-karya fiye da mutum ɗaya. Haɗarinsa kuma saɓani ne: kaso hamsin-hamsin tsakanin aminai biyu yana da kyau a ranar farko, ranar da suka saɓa babu mai raba gardama. A rubuta tun farko yadda za a kimanta kason wanda ke son fita, da wanda za a fara yi wa tayi. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya ɗora mata kwamitin hanya ta biyu.

Hanya ta huɗu: amintattu

A nan ka saki mallaka baki ɗaya. Ana rajistar makarantar a CAC a ƙarƙashin amintattu, wato mutanen da za su riƙe dukiyarta amana ba a matsayin tasu ba, da kundin tsarin mulkinta. Sai an buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Kuɗin jarida da na lauya ne ke sa ta fi sauran tsada da jinkiri a farko. Doka ta hana yaro, da wanda aka samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce, zama amintacce.

Abin da ya kamata mai makaranta ya fahimta tun kafin ya sa hannu shi ne babu rabon riba. Duk abin da ya shigo kan manufar makarantar zai koma. Dokar ta kuma taƙaita biyan albashi ga 'yan majalisar gudanarwa, abin da ta bari shi ne irin mayar wa mutum kuɗin da ya kashe ko biyan haya daidai wa daida. Wanda makaranta ce abincin iyalinsa ya zauna da lauya a kan wannan gaɓa musamman. Idan kuma aka rufe makarantar wata rana, dukiyarta ba ta komawa ga wanda ya kafa, wata cibiya mai irin manufarta ake miƙa wa.

Wajen ɗorewa babu kamarta, kuma ita ce ta fi kusa da waƙafi, dukiyar da ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonta, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar. Mai son yin waƙafi ya yi shi yana raye da lafiyarsa, domin abin da aka bari a wasiyya ba ya wuce sulusin dukiya sai da yardar magada. Masu ba da taimako ma sun fi sakin hannu idan sun ga takardar filin ba da sunan mutum take ba.

Haɗarinta sanyin jiki. Ana yawan cika jerin amintattu da manyan sunaye, wani yana Abuja, wani yana Kano, shekara ta zagayo ba su zauna ba. Sai makaranta ta koma hannun shugabanta shi kaɗai, ba mai duba shi, kuma wannan karon dukiyar ba tasa ba ce. A zaɓi mutanen da za su iya zuwa da ƙafarsu, a sa wa'adi a kundi, a rubuta yadda ake sauya wanda ya daina halarta. Miƙa makaranta ga wata ƙungiyar addini ma a wannan sahu yake, sai dai can ƙungiyar ce za ta tsara manhaja da naɗe-naɗe, don haka a tabbata an yarda da hakan.

| Ma'auni | Kai kaɗai | Kai da kwamiti | Kamfani | Amintattu |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin kafawa | mafi araha | ƙari kaɗan | matsakaici | mafi tsada |
| Saurin shawara | nan take | kwanaki zuwa makonni | ya danganta da jituwa | a hankali |
| Bayan rasuwar mai kafawa | rabon gado | rabon gado, amma akwai masu riƙewa | a gaji hannun jari | makaranta ta ci gaba |
| Riba | taka | taka, a bayyane | ta masu jari | babu rabo |
| Babban haɗari | bashi da zargi a kanka | 'yan amshin shata | saɓanin abokai | amintattun da ba sa zama |
| Muryar malamai da iyaye | sai yadda ka ga dama | rubutacciya | sai an ƙara kwamiti | sai an sa a kundi |

Mai tsoron kada kwamiti ya fi ƙarfinsa ya dubi inda aka kai abin ƙarshe. A birnin Shikago na Amurka, dokar 1988 ta ba kowace makarantar gwamnati majalisa mai iyaye shida, mutanen unguwa biyu, malamai biyu da shugaban makaranta, kuma ita ke zaɓar shugaban, ta ba shi kwantiragin shekara huɗu. Abin da nake ba da shawara a hanya ta biyu bai kai rabin wannan ba. Kai ke rubuta iyakar ikon kwamitinka, matuƙar dai za ka tsaya a kan abin da ka rubuta.

Wacce ta dace da wa

Idan makarantarka ba ta wuce azuzuwa uku ko huɗu ba, kuma har yanzu kai ke cike giɓin albashi, zauna a hanya ta farko. Amma gobe ka buɗe asusun banki da sunan makaranta, ka fara ba da rasit, ka riƙa zama da malamanka sau ɗaya a wata.

Idan ta tsaya da ƙafarta, da kuɗinka ka gina ta, kuma da ita kake ciyar da gida, hanya ta biyu ce taka. Mutum bakwai zuwa tara sun isa, iyaye su zaɓi nasu ta ƙuri'ar sirri, malamai su zaɓi nasu, wa'adi shekara biyu. Idan 'ya'yanka sun girma kuma kana tunanin bayanka, ka mayar da mallakar kamfani, ka bar kwamitin a kai.

Idan kuna son buɗe sakandare mai ɗakin gwaje-gwaje da zauren jarrabawar WAEC da NECO, kuma jarin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kamfani ne, da yarjejeniyar fita a rubuce kafin a aza tubali.

Idan kuwa filin kyauta aka bayar don Allah, bulo da siminti kuma daga asusun bayan sallar Juma'a suka fito, to a nan ba zaɓi ake ba. Wannan dukiya ba ta shiga gadonka, kuma barin takardarta da sunanka jefa 'ya'yanka ne cikin abin da ba nasu ba. A yi rajistar amintattu.

Akwai masu yawa da nasu ya cakuɗe: ɓangare da guminsu, ɓangare da taimakon jama'a. Waɗannan su zauna da dattawan da suka shaida yadda aka yi ginin tun suna raye, a tantance wane aji ne na wa, a rubuta, shaidu su sa hannu. Abin da jama'a suka gina ya koma hannun amintattu, abin da ka gina ya tsaya naka, sannan a ƙulla yarjejeniyar haya ko ta aro tsakanin ɓangarorin biyu, a ajiye kwafi ɗaya a wurin lauya, ɗaya a wurin limamin unguwa.